Mawaƙiyarmu Doña Herminia

A shekarar 1993 mu huɗu ne a ƙungiyar Ceniza, wato Toka. Duk mai sauraron kiɗan rok a Rosario ya san sunanmu, ko da yake ba kowa ne ya taɓa jin waƙarmu har ƙarshe ba. Ni, Nilda Ferreyra, ina kan jitar bes, mai kaurin muryar nan. Lisandro Ojeda na kan jita. Evaristo na kan ganguna, amma ba mai kiransa da wannan suna, domin gashinsa ya gudu tun yana ɗan shekara ashirin, kowa ya koma ce masa Pelado, mai sanƙo. Na huɗu shi ne mawaƙinmu kuma shugabanmu, Aurelio Brizuela.

Aurelio mutumin kirki ne, gara in fara faɗin wannan. Sai dai waƙarsa mafi gajarta minti tara ce, kuma a cikin kowace sai an sami wani mutum tsaye a bakin kogi yana tuna wata mace da ta tafi. Baƙar riga yake sawa ko a watan Janairu da zafi ke narkar da kwalta. In muna kiɗa wani ya yi dariya cikin 'yan kallo, sai ya dakata ya zuba masa ido har mutumin ya sunkuyar da kai.

A watan Maris ya tara mu ya ce zai tafi duwatsun Córdoba na wata uku, ya rubuto waƙoƙin sabon kaset.

"Shiru nake nema," in ji shi. "A garin nan ba abin da mutum ke ji sai hayaniya."

"Ai mu ne hayaniyar," in ji Pelado.

Aurelio ya yi kamar bai ji ba. "Ku ci gaba da bita duk Talata da Juma'a, kada hannu ya yi sanyi. Ku riƙa ɗauka a kaset, in na dawo zan saurara."

Ɗakin bitarmu tsohon sito ne na fulawa a bayan gidan burodin baban Pelado, kuma daga ƙarfe biyu zuwa huɗu na rana yake ba mu shi, lokacin da ma'aikatansa suka tafi hutawa. Mako biyu muka yi muna kaɗa waƙoƙin Aurelio ba Aurelio. A mako na uku, a tsakiyar wata waƙa inda ganguna ke yin shiru na minti biyu, muka jira Pelado ya shigo bai shigo ba. Muka waiwaya, ashe barci ya kwashe shi a zaune, makaɗi a hannu.

"Ni ma zan iya wannan aikin," in ji Lisandro.

Pelado ya buɗe ido ɗaya. "Zo ka zauna mu gani, gwani."

Lisandro ya hau kujerar ganguna. Pelado ya karɓi bes ɗina ya rataya ta kamar buhun fulawa. Ni kuma na ɗauki jitar Lisandro, wadda wuri uku kacal na san inda ake kamawa a wuyanta. Muka fara. Abin da ya fito ba kiɗa ba ne, amma yana da sauri, yana da ƙara, kuma rabona da in yi dariya da jita a hannu har na manta.

Muna cikin haka ƙofa ta buɗe. Wata gajeriyar dattijuwa ta shigo, da silifas na gida a ƙafarta, gashinta a naɗe da robobi. Bakinta na motsi amma ba a jin komai. Ta duba ɗakin, ta hango makirufon Aurelio a tsaye kan sandarsa. Ta je ta sauko da shi daidai bakinta, ta ƙwanƙwasa shi sau biyu da ɗan yatsa irin na wanda ya san aikin, sannan ta ce:

"Ku rage abin nan."

Lisandro bai gan ta ba, kansa na ƙasa yana kokawa da ganguna. Ita kuma ba ta jira shi ba.

"Ku rage abin nan. Ƙarfe biyu da rabi ne. Mutane na ƙailula. Na wanke kwanuka, na shanya kaya, na sha maganin gwiwa, na kwanta, sai ga ku. Ba ku da aiki ne? Ba ku da iyaye ne?"

Kowace kalma tana sauka daidai kan bugun ganga, kamar an auna. Pelado ya dube ni, maimakon ya tsaya sai ya bi ta da bes. Ni ma na bi da wurarena uku. Ta yi minti biyu tana wanke mu, ba ta maimaita zagi ɗaya ba. Da ta gama ta ce, "Mun gode da sauraro," ta mayar da makirufon yadda ta same shi, ta fita.

"Na san muryar nan," in ji Lisandro.

"Duk Rosario ta san ta," in ji Pelado. "Doña Herminia Vallejos ce, gidanta ne a bayan katangar nan. Shekara ashirin da shida tana sanar da tashin motoci a lasifikar babbar tasha. Bara ta yi ritaya."

Na leƙa rikodarmu, kaset na juyawa.

Washegari muka je ba ta haƙuri, da tire cike da burodi mai zaƙi. Ta karɓi tiren kafin ta karɓi haƙurin. Ta zaunar da mu a kicin, ta haɗa mate, shayin ganyen nan da muke sha a ƙoƙo ɗaya, ƙoƙon ya zagaya sau biyu. Daga nan Pelado ya yi ƙarfin hali ya ajiye rikodar a kan tebur ya danna.

Ta saurara har ƙarshe, fuskar nan a ɗaure.

"Wane ne mai gangar?"

Lisandro ya ɗaga hannu a hankali.

"Gudu kake yi kamar an biyo ka. Ni kuma na yi tuntuɓe a wajen maganin gwiwa. A tasha ban taɓa yin tuntuɓe ba." Ta zuba ruwan zafi a ƙoƙon ta miƙo mini. "Ranar Juma'a zan zo in gyara. Amma bayan ƙarfe huɗu. Ka gaya wa babanka ni na ce, kai mai sanƙo."

Baban Pelado bai yi gardama ba. Shekara talatin suna maƙwabtaka, ya san abin da gardama da ita ke jawowa.

Ta zo Juma'ar, ta gyara wajen gwiwar, kuma da yake akwai sauran lokaci ta yi mana wata a kan tantabarun da ke ɓata mata shanya. Ta shimfiɗa mana sharuɗɗa. Ita ba waƙa take yi ba, ƙorafi take yi, kada wani ya ce mata ta ja murya. Ba abin da zai wuce minti biyu, domin a tasha ta koyi cewa bayan minti biyu mutum ya daina ji. Mu kuma muka kafa namu sharaɗin, cewa a wannan sabuwar ƙungiya da muka kafa da ita kowa zai riƙe abin da bai iya ba. Sunan ƙungiyar bai ba mu wahala ba, maganarta ta farko muka ɗauka, Ku Rage Abin Nan.

Kafin ƙarshen Mayu muna da ƙorafi goma sha ɗaya. Akwai na tumatir da ke da kyau a sama ya ruɓe a ƙasan kwando. Akwai na mijin 'yarta, Ramiro, wanda duk Lahadi sai an sauke tukunya yake buga ƙofa, hannunsa na dukan cinya. Akwai kuma wanda ya fi kowanne zafi, na direban koriyar bas ɗin unguwarmu, da yake hango ta tana ɗaga hannu da jakar cefane ya wuce abinsa. A wannan takan yi jawur, jijiyar wuyanta ta miƙe, Lisandro ya yi ta gudu a bayanta yana neman kamo ta.

A kulob ɗin unguwa muka fara fitowa, wata Lahadi ta watan Yuni da ake gashin naman rana. Ana sanyi, tsofaffi sun cika tebura da rigunansu masu kauri. Doña Herminia ta hau dandamali da shuɗiyar kwat ɗinta ta aiki, an goge ta tsaf. Ƙorafin tantabaru ya wuce ana ta kallon juna. Da aka zo na Ramiro kuwa, shi yana zaune a tebur na biyu, haƙarƙari a hannu, baki duk maiƙo. Ba ta ɓoye sunansa ba. Duk kulob ɗin ya juyo yana kallonsa, matarsa ta kife kai a tebur kafaɗunta na rawa. Kafin a kai ƙarshe tsofaffin nan suna buga cokula a faranti suna amsawa, "Ramiro, me ka kawo?" Lahadin da ta biyo baya ya zo da kaji biyu da kwalbar giya. Doña Herminia ta ce kajin sun yi ƙanana, amma ta ci.

Wata 'yar kawun Lisandro da ke aiki a gidan rediyon ɗalibai ta karɓi kaset ɗin ta sa sau ɗaya don wasa. Wayar gidan rediyon ba ta huta ba ranar. Zuwa Agusta, in ka tsaya a bakin titi bas ta wuce ka, sai ka ji wani a bayanka ya ɗauko ƙorafin direba.

A cikin Agustan ne Aurelio ya dawo, wata biyar maimakon uku, da gemu da littattafan rubutu guda biyu. Daga tasha kai tsaye ya zo sito. Ya rungume mu ɗaya bayan ɗaya, ya zauna kan buhu.

"Garin nan ya lalace a bayana," in ji shi. "A tasi na ji wani abu a rediyo. Wata tsohuwa na faɗa da direban bas, ana buga tarkace a bayanta. Har mai tasin yana amsawa. Mai bes ɗinsu kuwa, Nilda, da kin ji shi da kin yi kuka. Kamata ya yi a kama shi."

Pelado ya yi tari. Lisandro ya shiga gyara wata waya da ba abin da ya same ta.

Ina neman ta inda zan fara ke nan ƙarfe huɗu ta buga. Doña Herminia ta shigo da jakarta, ta wuce Aurelio, ta sauko da makirufonsa daidai bakinta, ta ƙwanƙwasa sau biyu.

"Wannan mai gemun fa? Sabon ma'aikacin burodi ne?"

Aurelio ya ji muryar. Ya dube ta, ya dubi Pelado da ya riga ya rataya bes, ya dube ni. Ya kwashi littattafansa ya fita.

Na ba shi awa ɗaya sannan na bi shi. Ban sha wahalar nema ba, yana bakin kogi tsaye yana kallon ruwa. Dariya ta taso mini, amma da na ga fuskarsa sai ta koma.

"Shekara takwas, Nilda," in ji shi. "Ba mai tasin da ya taɓa amsa waƙata."

"Wasa muke yi, Aurelio. Ceniza na nan, ba wanda ya taɓa ta."

"Da makirufona."

"Shi muka samu a tsaye."

Can ya ce, "Abin da ya fi ba ni haushi, tun daga tasha amshin nan yake yawo a kaina, ya ƙi fita."

Kwana uku bai zo ba. Doña Herminia ce ta aika Pelado ya kira shi, ta ce ya taho da littattafan. Ya zo, don ba a saba ƙin amsa kiranta a unguwar nan ba. Ta sa tabarau ta karanta shafi shida a kicin ɗinta, mu muna tsaye jikin bango.

"Wa ya mutu?" ta tambaye shi.

"Ba wanda ya mutu, Doña."

"To ita wannan da ta tafi, ya sunanta?"

Ya ce, "Griselda."

"Me ta yi maka?"

"Ta tafi."

"Na karanta wannan sau goma sha huɗu. Da za ta tafi me ta ɗauka?"

Aurelio ya dubi ƙasa. "Fanka."

"A wane wata?"

"Janairu." Ya ɗago, muryarsa ta fara canzawa. "Fanka ɗaya ce a gidan, kuma ni na saya. Ta ɗauke ta ta bar mini akun mahaifiyarta. Har yau yana nan. Kullum da safe sai ya kira sunan wani Gustavo, ni kuma ban san wani Gustavo ba."

Pelado ya fice waje da gudu, muna jiyo shi a tsakar gida yana shaƙewa da dariya.

Doña Herminia ta cire tabarau. "Ɗan nan, shekara takwas kana kallon kogi, ashe fanka aka ɗauke maka. Je ka rubuto wannan. Minti biyu."

Ya rubuto. Ya kawo shafi huɗu, ta yanke ya koma rabin shafi, ya yi fushi, ya dawo. Ita ta faɗe shi a makirufo, kuma bayan ƙorafin direba ba wanda mutane suka fi nema kamar na fanka da aku. Ranar da muka fara yin sa a gaban jama'a Aurelio na tsaye a bayan zaure, mutum ɗari uku na kiran Gustavo. Da aka tashi ya zo ya ce yana so ya shiga ƙungiyar.

"Me ba ka iya ba?" in ji Lisandro.

Muka yi ta lissafi. Ya iya jita, ya iya fiyano, ya ɗan iya ganga. A ƙarshe Pelado ya shiga gidan burodi ya fito masa da tiren ƙarfe da babban cokali. Haka Aurelio ya yi shekara huɗu a gefen dandamali, cikin baƙar riga, fuska a murtuke, yana buga tire da dukkan zuciyarsa. Akwai waɗanda shi kawai suke zuwa kallo.

Mun yi kaset biyu. Mun je Santa Fe, mun je Paraná, sau uku mun je Buenos Aires. Ko'ina da rana muke wasa, domin ƙarfe takwas Doña Herminia na gaban talabijin tana kallon wasan kwaikwayonta, kuma ba kuɗin da zai tashe ta. Ceniza ma ta fitar da kaset ɗin duwatsun Córdoba, masu sonmu na da suka saya suka yaba. Amma in aka tare ni a hanya, jitar da ban iya ba ake tambayata.

Wata Asabar a shekarar 1997, mun gama wasa a wani filin ƙwallo na unguwa, wani dattijo dogo mai farin gashin baki ya tsaya a bakin dandamali da hula a hannu. Ya ce da Doña Herminia yake son magana.

"Sunana Fermín Acuña. Ni ne direban koriyar bas."

Mu huɗu muka matso kusa, don ba mu san abin da zai biyo baya ba.

"Shekara huɗu fasinjoji na rera mini abin nan a ƙeya," in ji shi. "Jikokina ma sun iya. Na yi shiru saboda aiki. Makon jiya na yi ritaya, shi ya sa na zo. Doña, ba wuce ki nake yi ba. Tun 1991 aka mayar da wurin tsayawa gaban kantin magani. Ke kuma kina tsayawa a tsohon wurin, gaban mai gyaran takalma. In na tsaya a can tara za a ci ni."

"Ƙarya ne," in ji Doña Herminia.

"Akwai allo."

"Ni na yi shekara ashirin da shida a harkar motoci, za ka gaya mini allo?"

"Mu je in nuna miki."

Suka tafi, tana gaba yana biye, tana magana ba tsayawa. Pelado ya bi su daga nesa ya dawo ya ba mu labari. Allon na nan, babba, ga hoton bas a jiki. Ta tsaya ta kalle shi, ta ce an kafa shi a inda ba mai hankalin da zai duba. Fermín ya ce wannan kam gaskiya ne. Daga nan ta ce tunda ya kawo ta har nan, sai ya zo ya sha mate su ƙarasa gardamar.

Ba su ƙarasa ta a ranar ba. Ya dawo Litinin, ya dawo Laraba. Ya sa mata raga a kan igiyar shanya, tantabaru suka koma gidan maƙwabta. Ya san wani mai tumatir da ba ya ɓoye ruɓaɓɓe a ƙasa. Bayan wata biyu Doña Herminia ta fara zuwa bita a makare, abin da ba ta taɓa yi ba, da jan baki, tana 'yar waƙa a hanci.

Wata Talata muka ɗauko ƙorafin direba. Lisandro ya ƙirga, muka shiga, ta buɗe baki, ta kai wajen da take cewa mutumin ba shi da ido ba shi da imani, sai ta fashe da dariya. Muka sake. Ta sake fashewa. A karo na uku ta zauna kan buhun fulawa tana share hawaye.

"Ba zai yiwu ba, 'ya'yan nan. Jiya ya gyara mini famfo."

"Ki tuna Ramiro," in ji Pelado.

"Ramiro yanzu har wanke-wanke yake yi."

"Gwiwa fa?"

"Fermín na kai ni wajen wata mai tausa." Ta dube mu ɗaya bayan ɗaya, kamar mai ba da haƙuri. "Na duba ko'ina, ba abin da ke ba ni haushi. In na yi na ƙarya mutane za su gane."

Aurelio ya ajiye cokalinsa a kan tire. Shi ya fi kowa jin zafin abin, har ya ce ko za ta gwada waƙar farin ciki. Ta ce ba ta san yadda ake yi ba, kuma ta tsufa da koyo.

An ɗaura aurensu a watan Nuwamba. Mun yi kiɗa a wajen cin abincin, kowa da abin da ya iya, ba mai waƙa. Daga baya suka koma wani ƙauye a gaɓar kogi inda ƙanwar Fermín ke da fili, suna kiwon kaji. Ceniza ta ƙara shekara uku sannan muka rabu lafiya. Pelado ya gaji gidan burodi, Lisandro na gyaran kayan kiɗa, ni ina koyar da bes, Aurelio kuma yana rubuta wa masu tallan rediyo waƙoƙi, kuma ya yi suna a harkar.

Bara wasu matasa biyu suka zo daga Buenos Aires, wai suna rubuta littafi a kan tarihin ƙungiyoyin rok na lardinmu. Na raka su ƙauyen. Doña Herminia ta haura tamanin, tana zaune a inuwa tana ɓare wake. Suka tambaye ta me ƙungiyar ke nufi, wane saƙo take ɗauke da shi ga al'umma. Ta ce su fara shigar mata da tukunyar gas cikin kicin tukuna. Suka shigar. Ta ba su minti ashirin, rabinsa a kan kaji, sannan ta sallame su da ƙwai goma sha biyu a cikin kwali, ta ce su riƙe da kyau a mota don hanyar ba ta da kyau.